Hular Kilo Hamsin

Sati uku na kwashe ina rubuta direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta karanta sikelin awon hatsi. Da yake sikelin bai iso ba, sai na haɗa ta da na bogi a cikin kwamfuta, wanda na saita a kan kilo hamsin.

Ranar gwaji a shagonmu na Ƙofar Sauri, abokiyar aikina Binta ta ce, "Ka dai cire na bogin ko?"

"Binta, ba yau na fara ba," na ce, ko kallonta ban yi ba.

Alhajin da ya ba mu aikin, dillalin hatsi daga Batagarawa, ya sa aka ɗora buhun gero. Hamsin cif. Har na fara jawabi. Aka sauke buhun, hamsin na nan. Alhaji ya cire hularsa ya ɗora. Hamsin.

"Malam," in ji shi, "ashe wannan kaya nake ɗauke da shi tun safe. Shi ya sa wuyana ke ciwo."

Na gaji da bayani. Har yau, duk wanda zai cire hula ya yi alwala a shagon sai ya ce, "Malam, zo ka sauke ni."