Kurciyoyin Hajji Abbud

"Lafiya lau na tashi, sai dai ganin ka ya ɓata min safiya," in ji Bibi Fahriya, ganin jikanta Muntazar ya shigo lambu da kyamara rataye a wuya.

Lambu dai suna ne ya rage. Tun da ruwan gishiri ya hauro rafukan Abul Khasib, dabinon mijinta Hajji Abbud suka bushe ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya ƙiƙam ba kai. Shi kuwa mai lambun wata bakwai ke nan yana kwance a asibiti a Bagadaza. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki mugun labari ba, don haka kowa ya ja bakinsa ya tsuke kan zancen lambun. Jiya ya aiko cewa ba abin da yake so sai hoton kurciyoyinsa masu baƙin zobe a wuya.

"Matsa can, Bibi. Kurciya ta ga fuskar nan sai Kuwait."

"Ɗan nema! Saboda fuskar nan kakanka ya tsallaka rafi da takalmi a hannu. Kai fa? Shekara talatin, ko akuya ba ta waiwaye ka ba."

"Ashe tun ranar ciwon zuciyar ya kama shi."

Ta ɗaga sanda, ya goce. Da ya ɗaga kai sai dariyar ta maƙale masa. Kurciyoyin suna nan, guda biyar, amma duk a kan matattun kututture suke.

"In na ɗauke su a can, na kashe shi da hannuna."

"Me aka koya maka a jami'a, cin shinkafa?" Ta kwance bakin mayafinta, ta watsa tsabar shinkafa a gindin kurna, itacen da shi kaɗai ya rage da ganye. "Za su sauko. Ka ɗauki kore, ka bar sauran."

"Zai gane, Bibi."

"Shekara hamsin da biyu ina ɗumama masa shayin jiya yana sa min albarka. Kai za ka koya min mijina? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Nan ai ko abin hawan bai rage ba."

Nan take ya ji haushin bakinsa. Suka tsuguna shiru har ƙafarsa ta yi tsami, sannan tsuntsayen suka sauko suna tsattsaga. Ya ɗauka, ya zaɓi wanda babu ko inuwar kututture a ciki, ya tura.

Ko shayi ba su gama sha ba saƙon murya ya shigo. Muryar tsohon ta yi siriri, yana hutawa tsakanin kalmomi.

"Fahriya, hoto ya yi kyau. Amma watan nunar dabino muke ciki. Kurciyata ba ta taɓa barin ɗanyen dabino ta sauko ƙasa cin shinkafa ba. Itacen dabino guda nawa suka rage?"

Bibi ta ajiye wayar. Can ta yi wata dariya wadda hawaye suka riga ta fitowa.

"Ka ci ni, ɗan nema. Ka ci."

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kwanon dabino, ta ajiye masa a cinya.

"Na bara ne, su ke nan suka rage. Ci ka sami ƙarfi, ka kira shi ka faɗa masa. Ni bakina ba zai iya ba."