Yadda Za Ka Reni Jariri Hannunka Bai Taɓa Ƙunzugu Ba

Ɗan'uwa, barka da ƙaruwa. Ba sai ka faɗa ba, na san damuwarka: kana son jaririnka har cikin rai, abin da ke fitowa ta ƙasansa ne ba ka so. Kwantar da hankalinka. Ni mai gyaran famfo ne, shekara goma sha ɗaya ina nazarin abin da ke shiga da abin da ke fita. Bi matakan nan, na lamunce maka hannunka ba zai taɓa ƙunzugu ba, kuma uban kirki za a riƙa kiranka.

Kada ka ɗauka wasa ne ya kai ni ga wannan ilimi. Ranar da aka haifi 'yata Gimbiya, surukata Mama ta sauka da jaka biyu da sharaɗi ɗaya: bayan wata biyu, in ta ga 'yarta na da mataimaki, ita kaɗai za ta koma gida. In ba ta gani ba, da 'yar da jikar za ta tafi. Ni kuwa gidan nan ba zai zaunu mini babu su ba.

1. Ka san jadawalin abokin karawarka

Jaririn da ke shan nonon uwa zalla ba ya ajiya a makonnin farko. Da fari kashin baƙi ne mai danƙo kamar kwalta, sannan ya koma ruwan ɗorawa mai laushi, sau uku, sau biyar a yini, wani lokacin ma duk shan nono sai an biyo da shi. Nas ta ce alama ce nonon na isar yarinya. Ni abin da na fahimta shi ne, shan nono ƙararrawa ce.

2. Ka ɓace da mutunci

Da uwargida ta fara shayarwa, kana da kamar minti goma. Kada ka ruga, mai gudu ake zargi. Karkata kai ka ce, “Kuna jin ɗigar ruwa?” Sai ka ɗauki sifana ka shige banɗaki. Famfonmu na gyara shi ya fi sau arba'in, kuma bai taɓa lalacewa ba.

Wata rana za ta ce, “Baban Gimbiya, kai da ke buɗe masan mutane, wannan ɗan abin ne ya fi ƙarfinka?” Ka ce, “Haba, hannuna ne da maiƙo, kar in sa mata ƙaiƙayi.” Gaskiyar kuwa ita ce masai ba ya kallon idonka yana murmushi.

3. Ka zama malami

Kullum ka dawo aiki, ka durƙusa ka gaida Mama, sannan ka tambayi uwargida a gabanta: “Yau sau nawa? Launin fa?” Duk amsar da aka ba ka, gyaɗa kai a hankali ka ce, “Haka nake so.” Masu hikima sun ce mai yawan tambaya ba a ba shi aiki, ana ɗauka ya riga ya yi. Ni ne masu hikimar.

4. In aka yi shiru, kada ka ruɗe

Ni na ruɗe. Gimbiya na cika sati shida ta rufe shago, kwana uku ko ɗigo. Na kara kunne a cikinta yadda nake yi wa bututu, na yanke hukunci toshewa ce. Mama ta ce a ɗan ba ta ruwan ɗumi. Uwargida ta ce babu mai ba ta komai sai an je asibiti.

Nas ta matsa cikin yarinya, ta ɗora ta a sikeli, ta ce bayan sati shida wasu masu shan nono kan yi kwanaki, har mako, ba su yi ba. Muddin tana sha sosai, tana jiƙa ƙunzugu da fitsari, cikinta da laushi, nauyi na ƙaruwa, a bar ta, ba ruwa ba jiƙo. In ciki ya kumbura, ko tana amai, ko kashin ya zo da tauri ko jini, a kawo ta maza. Sannan ta dube ni ta ce, “Malam, a bar sifana a gida.”

5. Ka ci moriyar shirun

Nan arzikinka yake. Gimbiya ta koma yi duk bayan kwana biyar. Saboda haka kwana huɗu ba mai raba ni da ita: a kafaɗa, a cinya, a ƙofar gida inda maƙwabta za su gani. Rana ta biyar sai aikin gaggawa ya taso a can ƙarshen gari. Har na ji Mama a waya tana cewa, “Yaron nan dai akwai ɗaukar 'ya.” Ban kula da yadda ta danna kalmar ɗauka ba.

6. Ranar tafiyar suruka, ka sa fararen kaya

A lissafina rana ta uku ce, domin uwargida ta ce mini an yi ran Talata. Jakunkunan Mama na bakin ƙofa. Na sha farar riga, na karɓi Gimbiya, na tsaya tsakiyar falo don a yi mini kallon ƙarshe.

Sai yarinya ta yi tsit. Fuska ta yi ja, ta dunƙule hannu. Ƙarar da ta biyo baya, a wajen aiki in na ji irinta babban famfo nake rufewa. Kashin ta baya ya haura har wuyanta, ta gefe ya gangaro hannun rigata.

“Ba kin ce ta yi ran Talata ba?”

Uwargida ta kalli silin. “Au, na ce haka? Ina jin gyatsa ce.”

Kwana shida ke nan, ɗan'uwa. Wanda bai taɓa buɗe ƙunzugu ba, abin da aka gaya masa kaɗai ya sani. Na karkata kai na gwada sa'ata ta ƙarshe: “Kuna jin ɗigar ruwa?”

“Muna ji,” in ji Mama. “Daga gwiwar hannunka take.”

Ta ajiye kwanon ruwa da sabon ƙunzugu a gabana, ta zauna a kan jakarta. Gefenta na hango wata jaka ta uku, ta uwargida, a ɗaure.

7. Ka naɗe hannun riga

Minti ashirin na yi, na ɗaura shi a baibai, na kwance na sake. Gimbiya ta kama ɗan yatsana tana ɓangale baki, sai na ji kunya ta rufe ni, ba ta Mama ba, ta yarinyar da na yi wata biyu ina gudu. Mama ta duba ɗaurin, ta ja shi da yatsa, ta ce, “Ya karkace, amma zai riƙe.” Ta ɗauki jaka biyu. Ta ukun, da na ɗaga don in mayar ɗaki, ba komai a ciki.

Gargaɗi: lamunin da na yi maka a sama na janye shi. Rigarka, kujerarka da mutuncinka a gaban surukai, ba ruwana da abin da ya same su. Mai ƙorafi ya same ni a gida, amma ya zo da haƙurin jira, yau rana ta biyar ce kuma fuskar Gimbiya ta fara ja.