Saje Barau Yana Maƙabarta

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa manta ranar gayyar maƙabarta a Gaya ba. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, na zo daga Ajingi ina sabon malamin firamare, ga biro a aljihu, ga kai cike da tarihi (rabinsa ma a teburin mai shayi na tsince shi).

Maƙabartar tsohuwa ce. Asalinta gonar wani dattijo ce da ya bayar sadaka. A kusurwarta ta gabas akwai wata tsamiya, nan tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, suka roƙa a riƙa binne su kusa da juna. To sai shingen ya zube, shanu suka mai da wurin hanya suna burma kaburbura. Dattawa suka sa ranar gayya, hedimasta kuma ya ce ni zan yi jawabin zaburar da jama'a, tunda bakina ba ya gajiya.

Na shiga gari neman labari. Duk wanda na tambaya sai ya kawo sunan Saje Barau: shi ne ya goyi abokinsa da aka harba ya ƙetare kogi da shi, shi ne ya dawo kunnensa ɗaya ba ya ji. Na tambayi wani mahauci, “To ina shi Sajen yake?”

“Ai yana maƙabarta, Malam, gindin tsamiya wajen abokansa.”

Na sunkuyar da kai na ce, “Allahu akbar.” (Ya bi ni da wani irin kallo, ni kuwa na ɗauka juyayi ne.)

Ran gayya da safe wuri ya cika, kowa da gatari ko fartanya. Na hau wani kututture, na gyara murya, na nuna gabas.

“Jama'a, ku dubi tsamiyar can! A ƙarƙashinta Saje Barau yake kwance. Namijin da harsashi ya kasa, yau shanu ke taka kansa! Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta!”

Na tsaya jiran amin.

Wani siririn tsoho mai koɗaɗɗiyar kwat ta soja, zaune kan buzu a gabana, ya karkata kunnensa wajen na kusa da shi.

“Wa ya ce ya rasu?”

“Kai, Baba Saje.”

“Ni? Yaushe? Kuma ba wanda ya gaya mini?”

Wuri ya ɓarke da dariya. Liman yana ta cewa a tuna inda ake, alhali kafaɗunsa na rawa. Ashe kullum da hantsi tsohon yakan zo ya zauna gindin tsamiyar, ya yi wa abokansa addu'a, ya kori shanu da sandarsa. Ni dai na so a haƙa mini nawa ramin nan take, tunda ga kayan aiki a kusa.

Na sauko na durƙusa. “Baba, ka yafe mini.”

“Tashi, ɗana. Addu'ar na karɓa, a ajiye mini ita.” Ya nuna wani ɗan tudun ƙasa da kofato ya rufta gefensa. “Wanda na goya ɗin ne nan, Kofur Ilu. Na fito da shi daga kogi, amma na kasa kare shi daga shanu.”

Ba wanda ya ƙara dariya. Kowa ya ɗauki gatarinsa, kafin azahar shinge ya tsaya.

Bayan nan duk sanda muka haɗu a kasuwa sai ya ƙame mini ya ce, “Malam, har yanzu dai ina nan!” Shekaru muka yi a haka. Ranar da ya tafi da gaske ina cikin masu ɗaukar makara, muka kwantar da shi kusa da Ilu.

Tun daga nan ba na yi wa kowa “Allah ya jiƙansa” sai na ga makara da idona. Ko a nan ma sai na ɗan tambayi liman.