Lambar da Mdemu Ya Kwafa

"...lafiya ƙalau, sai dai ban ga kare ko ɗaya a layin nan ba. Har ka karya kumallo ke nan?"

"Gaishe ni da ladabi, baiwata. Na ji tsohon ya gaji da ku ya gudu."

Haka Devota Mapunda da Fidelis Mdemu suka gaisa ranar da za a binne mahaifinta. Ita 'yar ƙabilar Ngoni, shi ɗan Hehe, abokan wasa ne, wasansu ko a bakin kabari ba a fasa shi. Shago goma sha biyu ne a benenmu na kasuwar Kariakoo, duk daga akwati ɗaya muke jan intanet. Yayyenta can gida a garin Songea sun ƙi jiranta, wai tafiyar ta yi nisa, abin da har yau yake ci mini rai. Suka ce ta kalli jana'izar a kwamfutar shagonta. Kwamfutar kuwa sai ta kama ta saki.

"Matsa in duba," in ji Mdemu. "Ku Ngoni ko rediyo sai an kunna muku."

"Wanke hannu tukuna, maci kare. Minti goma ya rage."

"Tsohon da ya shekara tamanin bai taɓa zuwa ko'ina kan lokaci ba? Zai jira."

Ya buɗe wajen saiti, ya yi ta danne-danne.

"Ga ciwon. Kowace kwamfuta a benen nan da lambarta. Wani ya sa taki a tasa, in ya kunna sai ke ki faɗi."

"Wane ɓarawon ne? Karanto lambar!"

Ya karanta, ya kai ƙarshe da ƙyar. Sai ya hau sosa ƙeya.

"Mdemu, yau bakinka ya mutu?"

"Ranar da na sayi tawa... na ga taki ta fi gudu, na kwafe saitin duka."

"Wata biyar ina tsine wa mai benen nan! Ashe kai ne, katanga ɗaya tsakaninmu?"

"Kayan baiwa ai na ubangidanta ne," ya ce, amma muryar ba tasa ba ce.

Ya ruga shagonsa, mutane na layi da takardu, ya fizge wayar kwamfutarsa. Nan take hoton ya fito tar a kwamfutar Devota. Maza ne da shebur suna daidaita jar ƙasa, mata sun fara watsewa.

Mdemu ya dawo, ya cire hula, ya daka wa allon tsawa: "Dattijo Mapunda, rowar Ngoni har a kabari? Ko fuska ba ka bar wa 'yarka ba!"

Devota ta yi dariya, irin wadda ba na son in sake ji. Ya naɗe wayar ya ajiye a gabanta.

"Kin ci ni. Riƙe, lambar taki ce ke kaɗai."

"Na gode, maci kare," ta ce. "Yanzu in kalli wa?"