Yadda Za Ka Haɗe Layin Abokan Gaba Ka Tsira Da Aikinka

Kai injiniya mai kula da keɓaɓɓun layukan kamfanoni, matso kusa. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Abokin aikinmu Dogo ya bi ta, har yau kujerarsa tana nan.

1. San abin da za ka ɓata

Babbar hanyar sadarwarku ɗaya ce, kowane kamfani a kanta yake bi. Abin da ke hana saƙon wannan faɗawa ofishin wancan wata 'yar lamba ce da na'urar rarraba saƙo, rauta, ke dubawa. Duk amanar a kanta take. Saboda haka ka buga ta kana waya da matarka.

2. Zaɓi waɗanda ba sa ga maciji

Ƙaramin kuskure na masu koyo ne. Dogo wa da ƙane ya samu, masu sayar da fenti, waɗanda suka raba shagon mahaifinsu shekara da shekaru, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ya ba su lamba ɗaya. Kafin shayinsa ya huce, kyamarar shagon wan ta fito tar a allon ƙanen.

3. Nemi mai ɗaukar laifi

Ka ce wuta ce. In an ƙi, ka ce ɓera. Sannan ka shige ɗakin na'urori mai sanyin tsiya ka tsaya kana kallon fitilu kana girgiza kai. Ilimi ya nuna manaja ba ya jure sanyi.

Namu ya jure. Ya gaya wa Dogo daga bakin ƙofa cewa ko mutum ɗaya ya kawo ƙorafi, ya ajiye makulli ya kama gabansa.

4. Ɗauki wayar

Za ta yi ƙara. Ta Dogo ta yi, ƙanen ne. Dogo ya fara jero ban haƙuri har da na laifin da bai yi ba, mutumin ya katse shi. Ya ce tun safe yake kallo. Wansa ya yi furfura, in zai tashi sai ya dafa gwiwa kamar mahaifinsu, ga shi can yana cin abinci shi kaɗai a bayan kanta.

"Yaya ya tsufa ban sani ba," in ji shi. "Kada ka gyara tukuna, injiniya. Bari ya gama ci."

5. Gyara a hankali

Aikin canza lamba ɗaya ne. Dogo ya zauna hannunsa a kan madannan kwamfuta, tausayi ya kama shi, sai da aka ce an ɗauke kwanon ya raba layukan. Ƙorafi bai zo ba. Washegari ƙanen ya rufe shago ya tafi shagon wansa duba sauran da idonsa.

Gargaɗi

Marubuci ba shi da hannu a abin da zai same ka. In kwastomominka ba uwa ɗaya ta haife su ba, fara haɗa kayanka tun daga mataki na biyu.