Turawan Kanada da Dambun Sallau

A wani gidan rediyo a Kaduna an yi wani mai gabatar da kiɗan ƙetare, Sallau, wanda abokan aiki suka laƙaba wa Na-Kanada. Kullum ƙarfe biyu na rana waɗansu Turawan Kanada masu jita da ganga yake sa wa mutane, kuma tarihinsu a bakinsa kamar tare aka yi musu kaciya: yadda suka faro da jita mai ƙara kamar injin niƙa, da yadda suka koma waƙoƙi masu dogon labari. Amma ni na san sirrin ƙaunar. Waƙarsu ɗaya minti ashirin ce cur, daidai ya ɗora ta, ya tsallaka titi wajen Inna Talle mai dambu, ya cika cikinsa, ya dawo yana sakace.

Ran nan aka aiko masa da sabuwar waƙarsu a kaset. Ko ɗanɗana ta bai yi ba ya ɗora, ya kama hanyar dambu. Ashe mutanen sun sake salo, sun rungumi kiɗan kibod, sun datse waƙa ta koma minti huɗu. Tasha ta yi tsit har minti goma sha shida.

Yana dawowa ya tarar da manaja, Hajiya Sa'a, tsaye a ƙofar situdiyo. Da ma ta yi masa kashedi sau biyu, ta ce na uku sallama ce.

“Malam Sallau, me ya sami tasharmu?” in ji ta.

Gogan naka ya goge mai a bakinsa, ya gyara hula. “Ranki ya daɗe, ai sabon salonsu ke nan. Mutanen nan ba sa tsayawa wuri ɗaya. Da jita suka fara, suka zo kibod, yanzu sun kai matakin da shirun ma cikin kiɗan yake. Sai mai kunne ke ganewa.”

“Ikon Allah!” Hajiya ta ce. “Ashe masu kunnen suna da yawa. Shekara tara kana shirin nan, sai yau aka bugo waya ana yabawa.”

Sallau ya washe baki. “Kin gani ko, Hajiya?”

“Na gani. Gobe ma za mu maimaita musu, kuma ba sai ka zo ba.”