Akwatin Rauf Ya Yi Zazzaɓi

"Ina wuni, Kaka," in ji Rauf, ko durƙusawa bai yi ba.

"Da ban wuni ba ka gan ni? Miji ya shigo hannu rabbana, fuska kamar an ƙona wake!"

Kamfanin da Rauf ke yi wa aiki yana dasa ƙananan akwatunan kwamfuta unguwa-unguwa, don bayanan mutane su zauna kusa da su, waya ta daina jiran amsa daga Turai. Wannan ma'ajiyar bayanai ita suke kira "girgije". Na unguwar Nima a saman benen kakarsa, Hajiya Wadia, aka kafa shi, Rauf ne kuma ya rantse wurin zai yi. Yau da hantsi akwatin ya mutu. Da ya hau dubawa, sai ya tarar an naɗe shi da bargo da leda.

"Wa ya rufe shi?"

"Ni. Benen ubanka ne?"

"Kin toshe masa hanyar iska! Daga nan har Maamobi komai ya tsaya cak, masu shaguna sai zagi suke. Oga ya ce in bai tashi kafin la'asar ba, in ajiye aiki."

"Ka ajiye mana! Dama aikin ƙarya ne. Ka ce min girgije kuke sayarwa. Girgijen da ke gudun ruwa?"

"Tsohuwar da ta girmi titin Nima, me ta sani? Na sake ki!"

"Saki na nawa ke nan? Da waɗannan ƙafafu naka kamar muciya, wa za ta kwashe ka? Ka ƙwace min wurin shanyar barkono, abinka na ta gurnani kamar tsohon kwarto, ban ce uffan ba!"

"To me ya kai ki taɓa shi?"

Hajiya ta murtuke.

"Ruwa aka tsuge da shi da safe. Na ji yana nishi. Na ce in ya jiƙe, abincin wannan sakaran ya ƙare. Da gwiwar nan tawa na hau, taki ashirin da biyu."

Rauf ya dubi gwiwar, ta kumbura sumtum.

"Ruwa ba ya shigarsa, Kaka."

"Ka taɓa gaya min?"

Bai taɓa ba. Ya koma sama, ya yaye bargon da ledar, ya sake kunna akwatin. Can sai ga gurnanin ya dawo. Ya sauko yana dariya, ya zauna a ƙasa, ya jawo ƙafarta kan cinyarsa.

"Ina man zafin?"

"A hankali, azzalumi! Ba waya ba ce."